Tauren da Malam Bai Yanka Ba

A gidanmu na Illela ba ma yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu. Wanda bai taɓa zama cikin Musulmi ba zai ce tsoro ne, ko neman suna. Ni dai na san dalilina. Shekararmu ta farko a garin, muna haya a wata unguwa can wajen tasha, na dafa shinkafa da kaji biyu da maigidana ya yanka, na rarraba wa maƙwabta kamar yadda muka saba a ƙauyenmu na kudancin Katsina. Kowa ya karɓa da hannu biyu, aka yi godiya har da sa albarka. Da la'asar na zagaya bayan gida zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga shinkafata a gindin katanga, kajin unguwa sun taru a kai. Da koren waken da na sa a ciki na gane ta. Ban gaya wa kowa ba sai maigida, amma ranar na yi kuka sosai.

Da muka koma gidan da muke ciki yanzu, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani malami mai makarantar allo, gajeriyar katangar ƙasa wadda in na yi ɗage nake hango igiyar shanyarsu. Mahaifiyarsa, tsohuwar da duk unguwa ke kira Inna, ita ta kira ni ta kan katangar nan ta koya mini yadda ake yi. Ta ce in mun sayi dabba mu kira ɗanta ya yanka, shi ke nan kowa zai ci hankalinsa kwance. Tun daga shekarar, duk jajiberin Kirsimeti Malam zai shigo da hantsi da wuƙarsa naɗe a tsumma, maigidana ya danne ƙafafu, shi kuma ya fuskantar da dabbar gabas ya yanka. Ba ya karɓar komai sai ruwan wanke hannu. Washegari in mun taso daga sujada a coci, in zuba abinci a kwanuka bakwai na gidaje bakwai. Kwanukan su dawo a wanke, wani da gyaɗa a ciki, wani da albasa. In kuwa Sallar layya ta zo, naman da ke shigo mana har wurin shanya muke rasawa.

'Yar farina ce mai kai abincin tun tana shekara biyar. Ba na kiran sunanta. Shiga coci bai raba mu da kunyar 'yar fari ba, sai dai in ce ke. A Illela aka haife ta, bakinta na mutanen garin ne sak, ina cewa me tana cewa mi. Gidan Inna take fara zuwa. Tsohuwar za ta karɓi kwano ta aza a cinya, ta ɗaure fuska kamar alƙali, ta ce, "Wa yay yanka?" Yarinya ta ce, "Malam." Inna ta ce, "Wane Malam? Malamai da yawa garin ga." Ita kuma ta ɗaga murya, "Malam naku!" Sai dariya, sai Inna ta jawo gwangwanin dabino ta cika mata hannu. Kowa ya san amsar, ai a idon Inna ake fita da wuƙar. Wasa ne kawai irin na kaka da jika, amma tun ana saura mako yarinyar take ɗokinsa.

Ba abinci kaɗai ke tsakaninmu da gidan nan ba. Wata shekara gari ya ɗauki zafi kan wata magana da ta taso daga nesa, shaguna suka rufe, 'yan cocinmu da yawa suka bar gari. Inna ta aiko a ce mu shigo. Kwana biyu muka yi a ɗakinta ni da yara, Malam kuwa ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar gidanmu, ya zauna yana jan carbi kamar mai shan iska. Ba wanda ya taɓa mana ko tsinke. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba daga baya, su ba su tayar ba, mu ma ba mu san ta ina za mu fara ba.

Ni malamar firamare ce, aji uku, jikokin Inna ma biyu sun bi ta hannuna. Ranar Lahadi kuma ni ke riƙe da yaran makarantar Lahadi a cocinmu. Duk wanda ya san ni ya san abu ɗaya da ba na ɗauka, ƙarya. Yaro ya fasa gilashin taga ya ce shi ne, zan yi faɗa in bar shi. Ya ce ba shi ba ne, to ranar ni da shi ne. Haka dokar take a gida ma. 'Yar farin nan sau ɗaya ta taɓa gwada ni, ta ɓarar da man ja ta ce akuya ce, ga man har gwiwar hannunta. Dukan da na yi mata sai da maigida ya shiga tsakani. Tun daga nan ta zama mai faɗin gaskiya har abin ya fara ba ni kunya, don in baƙuwa ta tambayi ko ina nan, ko da na ce a ce ina barci, sai ta ce, "Tana ciki, ta ce a ce tana kwana." Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba. Nakan ba da labarinta a taron zumuntar matan coci ina dariya, ana cewa ai 'yar Malama ce.

Ana saura mako biyu Kirsimetin da nake magana, na ba yaran makarantar Lahadi labarin wani miji da matarsa da suka yi ƙarya a gaban jama'ar Allah, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi matattu nan take. Na iya ba da labari, wannan kam baiwa ce. Na canza murya, na zaro ido, da na zo wurin faɗuwar sai na saki jiki na zube a kan tabarma, yara suka yi ihu, wani ƙarami ya fashe da kuka. A hanyar gida yarinyata, lokacin tana shekara takwas, ta tambaye ni ko har yanzu Ubangiji yana yin haka. Rana ta dake ni, ga goyo a baya, ga hayaniyar 'yan kasuwa, don Lahadi ce ranar kasuwar Illela. Na ce mata, "Ki gwada ki gani." Na ma manta na faɗa.

A shekarar jan taure muka saya, ɗan akuya mai ƙiba da maigida ya samo daga wani mutumin Garu tun watanni biyu kafin lokaci, muna kiwonsa da dusa. Kirsimeti ta faɗo ranar Lahadi, yanka kenan ranar Asabar. Ranar Juma'a da yamma tauren ya tsinke igiya ya sami buhun dawa a buɗe. Ni na bar shi a buɗe. Safiyar Asabar muka tarar da shi kwance, ciki ya kumbura ya yi tauri, yana nishi da ƙyar. Muka ɗura masa man gyaɗa da jar kanwa, muka tayar da shi tsaye, ya sake zubewa.

Na leƙa ta katanga na kira Inna a ce wa Malam ya taimaka ya zo yanzu. Ta ce ai Malam tun bayan asuba ya tafi Lafani jana'izar surukinsa, duk mazan gidan sun bi shi, da na gidan gaba, mota guda. Maigida ya kira wayarsa sau uku, ba ta shiga, can wajen layin waya kan tsallaka Nijar. Ya fita ƙofar gida a guje ko zai ga wani babba, layin fayau. Kafin ya dawo tauren ya miƙe ƙafafu, ido ya fara juyewa.

"Malama," ya ce da ni, haka yake kirana, "ko in yanka yanzu ko ya zama mushe. Zaɓi ɗaya."

Na miƙa masa wuƙar kicin. Ya yi addu'a gajeriya irin tamu ya yanka. Ni na riƙe ƙafafun baya. 'Yar farina ce ta riƙe na gaba, ta kau da kai amma ba ta saki ba.

Da aka gama fiɗa, na zauna a kan turmi ina kallon naman. Maigidana a asibiti yake aiki, ɗakin gwajin jini, mutum ne mai sauƙin kai har yakan ba ni haushi. Ya ce abin ai ba wuya, a gaya musu shi ya yanka, wanda zai ci ya ci, wanda ba zai ci ba a kai masa cincin da lemo. Na ce shi namiji ne, bai san abin da yake faɗa ba. Bai ga shinkafar nan a gindin katanga ba, labari kawai ya ji. Shekara shida na yi kafin matan unguwar nan su buɗe kwanona ba tare da sun dubi juna ba. Ya ce to a sayo wani naman wurin mahauta. Da me? Wata bai ƙare ba, abin da muke da shi yana jikin tauren da ɗinkin yara. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tukunya tawa ce, ya tafi wanke hannu.

Ina soya naman ina shirya magana a raina. Nama dai nama ne. Lafiyayye ne, jini ya fita, da sunan Allah aka yanka. Me zai same su in sun ci? Kuma wa ya gani? Kafin mai ya huce na gama yanke shawara: za a ce mahauci maigida ya samo daga kwata. Na san Inna za ta yi tambayarta, na kuma san bana ba wasa za ta yi ba, don ta san ɗanta ba ya gari.

Ranar Lahadi muka yi sujada, coci ya cika har waje, mata da ankon zumunta, ganguna da shantu. Yarana na makarantar Lahadi suka yi wasan haihuwar Mai Ceto, 'yata ce mala'ika, da farin mayafina a kafaɗa, ta faɗi nata ba tuntuɓe ko ɗaya. Aka yi ta tafi, wata dattijuwa ta dafa ni ta ce na iya tarbiyya. Na yi murmushi kawai.

Muna dawowa na jera kwanuka bakwai a tsakar gida, shinkafa, miya, tsoka uku-uku, na Inna har da hanta don haƙoranta. Na kira yarinyar. Tana cikin sabuwar rigarta ruwan ɗorawa, da takalmin da ya ɗan yi mata yawa. Na durƙusa kamar ina gyara mata ɗankwali, na rage murya.

"Ke, in Inna ta tambaye ki wa ya yanka, ki ce mahauci. Babanki ya kira mahauci daga kwata."

Ta dube ni. "Wane mahauci, Mama? Ai Baba yay yanka. Ni nar riƙe ƙahwa."

"Na sani. Haka dai za ki ce."

"Wagga ai ƙarya ce."

"In kin ce Baba ne ba za su ci ba. Kina so a zubar da abincinmu a ba kaji?"

Ta murza bakin rigarta. Can ta ce, "In ce mata ban sani ba?"

"Wannan ma ai ƙarya ce, kuma za ta gane. Ki faɗi abin da na ce. Ni na sa ki, laifin a kaina yake."

"Mama, waɗancan da kika ba mu labari, matar ma ai mijinta yas sa ta."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka kama. Na ɗaga hannu. Ban dake ta ba, amma ta ga hannun, ta kuma san nauyinsa. Na ce, "Ni za ki yi wa wa'azi? Ɗauki kwanon nan ki wuce kafin abinci ya huce."

Ta ɗauka ta aza a ka. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo sau ɗaya, na nuna mata hanya da baki.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni kai kwanon da kaina. Amsar da na ba maigida ita ce yara ke kai abinci, in na je da kaina za a yi mamaki. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Ba na son ƙaryar ta fito daga bakina ne. Ni malamar makarantar Lahadi, da safen nan na tsaya gaban jama'a. Na ga kamar in ta bi ta bakin yaro za ta fi sauƙi, kamar ba ta cika zama ƙarya ba. Na fi shekara kafin in iya faɗin wannan ko a cikin addu'a.

Na lallaɓa na tsaya a gindin katanga, daidai inda ɗakin Inna yake. Ina jin komai. Na ji sallamarta, na ji tsohuwar ta amsa da murna.

"Maraba da ƙawata! Barkanku da shan biki. Kai, wagga riga! Mi kik kawo muna?"

Na ji ƙarar murfi. Ƙamshin miyata ya tsallako katanga ya dawo mini.

"To, ƙawata, bana dai Malam ba shi nan. Wa yay yanka muku?"

Na kasa kunne. Abin da nake roƙo a lokacin, ni da bakin nan nawa da ya yi waƙar yabo da safe, shi ne Ubangiji ya sa ta faɗi abin da na ce.

"Mahauci," in ji 'yata.

"Mahauci? Wane?"

"Wani dogo, daga kwata. Baba yat tai yak kira shi bisa mashin. Yana da jar hula. Ya yi bisimilla kahin ya yanka, na jiya da kunnena."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ban ce mata dogo ba. Ban ce jar hula ba, ban ce mashin ba, bisimillar ma ban yi tunaninta ba. Ita ta duba ta ga inda maganata take da rami ta cike, don kada uwarta ta ji kunya. Na samu abin da na roƙa. Tsoro ne ya kama ni, tsoron yadda ta iya.

"Madalla," in ji Inna. "Allah shi yi albarka. Zo ki amshi dabinonki." Sai na ji tana kiran jikokinta su wanke hannu.

Yarinyar ta shigo, dabino a dunƙule a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta wuce kwanuka shidan da ke jiranta, ta je gindin bishiyar dogon yaro ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da sabuwar rigarta, ta miƙe ƙafafu ta jingina da itacen. Ni da na hana ta ko jingina da bango tun safe saboda rigar nan.

"Ke, lafiya? Tashi mana, za ki ɓata kayanki."

Ta ce, a hankali, "Na zamna ne don in na hwaɗi kada in ji ciwo."

Ban gane ba da farko. Da na gane, ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Na faɗa gidan Malam ba sallama. Inna tana zaune a tabarma bakin ɗakinta, kwanona a buɗe a gabanta, jikoki uku sun kewaye shi, ƙaramar har ta kai hannu.

"Kada ku ci!" na ce. "Inna, don Allah kada ku ci."

Inna ta riƙe hannun ƙaramar. "Lahiya, Malama? Mi anka yi?"

Na durƙusa. Matan gidan suka firfito daga ɗakuna. A gabansu duka na faɗa: tauren ya kusa mutuwa, ba wanda muka samu, maigidana ne ya yanka. Babu mahauci. Yarinya ta faɗa mini gaskiya sau biyu, ni na ɗaga mata hannu na sa mata maganar a baki.

Inna ta mayar da murfi ta rufe kwanon. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta sallami jikokin da ido, matan ma suka koma ciki, ko da yake na san suna bayan labule.

"Malama," ta ce, "da kin aiko kin ce ga wanda yay yanka, in na ga dama in ci, in ban gani ba in aika ma wanda ka ci. Ba mu ɓatawa don wanga. Kuma da na ci ban sani ba, ni ba ni da laihi wurin Allah." Ta dube ni sosai. "Amma yarinyag ga fa? Ke ka koya ma ɗiyanmu karatu. Har jar hula tac ce mini."

Ta turo mini kwanon da yatsu biyu, ba da wulaƙanci ba, ta ce in je in duba 'yata.

Na tarar da ita inda na bar ta. Babanta yana tsaye a kanta, ya rasa abin da ke faruwa, yana tambaya ba ta amsawa. Da ta gan ni da kwanon ta ɗago kai.

"Mama, ban mutu ba."

Ba da murna ta faɗa ba. Tambaya ce. Ta yi ƙarya, ta zauna ta jira, ba abin da ya faru. To wanne ne ba gaskiya ba, labarin da na ba su a coci, ko Ubangijin da na ce yana gani? Na karanta wannan a fuskarta sarai, ni da nake da amsar kowace tambaya a aji. Na zauna kusa da ita a turɓayar, da ankona. A garinmu uwa ba ta neman gafarar ɗanta, balle 'yar fari. Na ce mata na yi mata laifi, na yi wa Inna, na yi wa Ubangiji, ta yafe mini. Na ce ba za ta mutu ba, kuma ban kyauta ba da na ce ta gwada ta gani, tsorata ta na yi don in huta da tambaya. Na ce Mai Ceton da ta yi shelar haihuwarsa da safe saboda masu laifi ya zo, yau kuwa ni ce mai laifin gidan nan. Ta saurara har na gama. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta buɗe hannu ta dubi dabinon, ya jiƙe da gumi, ta ce ba ta so.

Sauran kwanuka shida ni na kai da kaina, gida-gida. A kowace ƙofa, kafin a miƙo hannu, sai in ce maigidana ne ya yanka. Gida biyu suka karɓa. Huɗu suka yi godiya suka ce a bar shi, a kawo cincin in akwai. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya zubar a bayan katanga. Abin da na ji tsoro har na sayar da bakin 'yata saboda shi, iyakarsa kenan, na dawo da kwanuka huɗu a kai.

Malam ya dawo da yamma. Maigida ya same shi a ƙofar gida ya yi masa ta'aziyya, sannan ya faɗa masa. Malam ya ce malamai sun yi magana a kan yankan ma'abota littafi, shi a karatunsa bai ga laifinsa ba, sai dai tsohuwa ba ta ci, shi kuma ba ya tilasta mata. Da an jira an tambaye shi. Ya ce a kawo masa nasa kason. Da maigida ya kawo mini wannan labari yana murmushi, sai na ji ya fi mini zafi a kan da ya ce haramun ne.

Zumunci bai yanke ba. Inna ta ci gaba da kirana ta kan katanga aron rariya, naman layya ya shigo kamar kullum. Abin da ya canza a cikin gidana yake. In na ce wa yarinyar allura ba zafi, ko babanta ya kusa dawowa, sai ta ɗan tsaya ta dubi bakina kafin ta yarda. Da can ba ta yi. Na daina zubewa a tabarma a makarantar Lahadi. Bulalar ƙarya ma na ajiye ta, ba don na daina ƙin ƙarya ba, hannun ne ba ya ɗaguwa. Wani lokaci yaro zai tsaya gabana a aji yana rantsuwa bai ga fensirin wani ba, sai in kama kaina ina tunanin wa ya fara koya masa, kuma me ake tsoro a gidansu.

Da shekara ta zagayo, na ɗaure buhun dawa da igiya biyu. Malam ya shigo da hantsi da wuƙarsa a tsumma, ya yanka, ya wanke hannu. Washegari na jera kwanuka bakwai. Na tambayi yarinyar ko tana so in kai na Inna da kaina. Ta ce a'a, ita za ta kai. Tun a daren jajiberi na lura tana ta fara'a, har na ji ta a bayan ɗaki tana gwada faɗin "Malam naku!" ita kaɗai.

Ban je gindin katanga ba. Na zauna a kan turmi ina jira. Ba ta daɗe ba ta dawo, hannu cike da dabino, ya ma fi na kullum yawa. Ta zo ta zube shi a kan faifai a gabana.

"Ta karɓa?" na ce.

"Ta amsa. Ta sa albarka." Ta dube ni. "Mama, ba ta tambaye ni ba."

Na buɗe baki zan ce mata tsufa ne, Inna ta manta. Maganar har ta zo kan harshena. Sai na ga ta tsaya tana kallon bakina.

Na ce, "Ba mantuwa ta yi ba. Ni na jawo miki."

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta ɗauki kwano na biyu ta aza a ka, ta fita.